Askar ƙirar hannu da na yi oda: aski kam ba magana, amma ƙotar ta ƙona min rai

Bari in fara da yabo tukuna don kar a ce da gaba na zo. Askar nan, irin mai rufewa cikin ƙotarta, kyakkyawa ce, duk wanda ya riƙe ta sai ya juya ta ya sake juyawa. Faɗinta 6/8 na inci, ƙarfe mai kabon, maƙerin ya ce taurinsa ya kai 60 a ma'aunin Rockwell, kuma yadda take riƙe kaifi ban ga dalilin ƙaryata shi ba. Ya rarake cikinta rabi da rabi, ba ta yi sirantar irin na garin Solingen na Jamus masu ƙara a fuska ba, ba ta kuma yi kaurin tsofaffin garin Sheffield na Ingila ba, tana tsakiya. Ƙotar ƙaho ce baƙa mai ratsin ruwan zuma, ya yi wa wuyan ƙananan tsaga sama da ƙasa yadda ko hannunka da kumfa ba za ta suɓuce ba. Ku da kuke harkar kun san abin da ake biya wa irin wannan aikin kuma kun san jiran da ake yi kafin layi ya zo kanka, ba sai na faɗa ba.

Askin farko wallahi na ji daɗi. Gemuna mai tauri ne, ƙarƙashin haɓa kuma gashin a karkace yake fitowa, nan ne duk wata aska take nuna halinta. Askata 5/8 ta kamfanin Dovo da na daɗe da ita tana yi, amma sai na bi a hankali don ba ta da nauyi, wannan kuwa nauyinta ne yake aikin, kai dai ka ja fatar ka kwantar da ita kaman digiri 30 ka bar ta ta sauka. Ko da na goga alif bayan na gama ban ji zafin komai ba. A lokacin da an tambaye ni tauraro biyar zan ba shi ba tare da wani tunani ba.

To matsalar wajen rufewa take. Na wanke ta na goge na bar ta a buɗe ta sha iska, na zo rufewa sai na ji wani ɗan ƙyas, ƙaramin sauti ne amma duk mai aska ya san ba sautin alheri ba ne. Na buɗe na ɗaga ta a haske, ga ɗan giɓi nan kusa da tsini yana ƙyalli. Da na rufe a hankali ina leƙawa ta sama sai na ga bakin ba ya shiga tsakiyar ƙota sam, yana karkata hagu ya daki cikin ƙahon kafin ya zauna. Haba jama'a. Bakin aska fa ba bakin wuƙa ba ne, siririn da ke gare shi ko farce ka taɓa da shi sai ya nuna, balle ƙaho. Kuma wannan ba abu ne ɓoyayye da sai an yi wata ana amfani kafin ya bayyana ba, buɗewa ɗaya rufewa ɗaya ya isa mutum ya gani, ta yaya wanda ya ƙera abu da hannunsa ya wasa shi ya naɗe a takarda zai ce bai lura ba?

Na tura mishi hoto da bidiyo. Amsar da ya ba ni ita ce ta fi giɓin ɓata min rai, wai ƙaho haka yake, yana motsi da zafi da laima, wataƙila a hanya ya lanƙwashe, in riƙa tallafa bakin da yatsa in zan rufe. Eh na yarda ƙaho yana lanƙwasa, wannan kowa ya sani, shi ya sa ake shafa mishi mai lokaci lokaci kuma ba a barin shi a rana. Amma ina da tsohuwar askar kamfanin Wade & Butcher ta Sheffield, aikin ƙarni na 19, ƙotarta ma ƙaho ce har ƙwari sun ɗan ci gefenta, kuma har gobe tsakiya take shiga cif. Sannan da na duba da kyau ba ƙahon kaɗai ba ne, ƙusar tagullar da bakin yake juyawa a kanta ita ma a karkace aka huda mata, gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka. Wannan kam ba hanya ba ce ta yi shi. Ya ce in na so in mayar ya gyara amma kuɗin aikawa zuwa da dawowa a kaina, ga sabon jira. Ko kalmar haƙuri babu a saƙon, ni abin da ya tsaya min ke nan.

Sai na ce bari in gyara abuna. Cire giɓi dole ka koma dutsen washi mai lamba 1000, wato mai kaushi (lamba na hawa dutse na ƙara laushi), ka ci ƙarfe har ka wuce zurfin giɓin, kuma ba wajen giɓin kaɗai za ka ci ba, duk tsawon bakin ne don kar layin ya lalace. Na manna salatif a gadon bayan don kar dutse ya cinye adon da ya yi a wurin, na shafa baƙar maka a bakin in ga inda dutse yake taɓawa. Nan kuma wani sabon abu ya fito. Gefe ɗaya tawadar ta goge tas daga gindi har tsini, ɗaya gefen kuwa tsakiya ya ƙi taɓa dutse, tawadar na nan zaune. Wato gadon bayan bai miƙe daidai ba. Ga wanda bai sani ba, ita aska ba a ɗaga bayanta in ana washi, kwantar da ita ake yi baya da baki duka a kan dutse, kaurin bayan shi yake yanke kusurwar kaifin, yawanci digiri 15 zuwa 17, don haka in bayan ya karkace kaifin ma ya karkace. Ƙarfe yakan ɗan murɗe wajen tsoma shi a mai bayan an gasa, wannan sananne ne, amma aikin maƙeri ne ya daidaita shi kafin ya sayar. Shi dai ya san yadda ya yi dabara ya fitar da kaifi a haka, amma bai gaya min ba, ya bar ni in gano da kaina. A nan taurarin nan biyar suka koma uku a raina.

An dai sha fama. Sai da na riƙa jan ta a gicciye ina ɗan mirgina ta daga gindi zuwa tsini kafin tsakiyar ta kama, daga nan 4000, 8000, na ƙarasa a kan ɗan rawayan dutsen nan na Beljiyam da ake haƙowa a yankin Vielsalm, wanda ƙananan ƙwayoyin ma'adinin ganet da ke cikinsa suke cin ƙarfe a hankali su bar baki mai laushi a fata. Ni dai na fi son shi a kan dutsen 12000 na masana'anta, kaifin na masana'anta yakan yi min tsanani a wuya, amma wannan ra'ayina ne, na san masu musu suna nan. Ƙahon kuma na tsoma shi a ruwan zafi ya yi laushi na matse shi tsakanin katako biyu ya huce, ƙusar na bi ta da ƙaramar guduma kaɗan kaɗan ta gefen da ya saki. Yanzu tana shiga ba ta taɓawa, amma da ƙyar, tazarar ba ta wuce kaurin takarda ba, har yanzu ba na iya rufe ta ido rufe yadda nake wa sauran.

Abin haushin shi ne bayan duk wannan, ita ce ta fi kowace aska da nake da ita daɗin aski, har ta kamfanin Thiers-Issard na Faransa da nake ji da ita. Ƙarfen yana da kyau ƙwarai, ya karɓi washi, kuma tun da na gama ban mayar da ita dutse ba, a fatar gyara kaifi kawai nake goga ta, zane tukuna sannan fatar, baya a gaba ba dannawa. Mutumin ya iya ƙarfe, wannan ba zan hana shi ba. Tsatsa ce kawai sai ka sa ido, mai kabon ba ya yafiya, ɗigon ruwa ɗaya ya kwana a gindin ƙusa gobe ka ga tabo, ni takardar tishu nake zurawa tsakanin ƙotar in busar sannan ɗigon man kameliya in za ta kwana biyu ba a taɓa ta ba. In aka cire matsalar ƙota, sauran askar zan ce ma huɗu ta ci.

Amma kuma duk sanda na ɗaga ta na ga tsinin ya ɗan fi yadda ya zo siranta saboda ƙarfen da na ci, sai abin ya dawo min sabo. Sabuwar aska fa, wadda aka ce ta zo a shirye sai aski, ni na ƙare da yi mata aikin da ake wa tsohuwar da aka tsinto a gwanjo. Wanda ba shi da duwatsu fa, ko sabon shiga da wannan ce askarsa ta farko, ya zai yi? Zai ɗauka shi ne bai iya ba ya jefa ta a durowa. Uku na ba shi kuma a ukun zan tsaya. In za ku yi oda wajen kowane maƙeri ku ce ya turo bidiyon yana rufe ta a hankali an ɗauka ta sama, da hoton bakin gefe biyu a haske, kafin ku cika kuɗi. Ni da na yi niyyar ya ƙera min 7/8 mai ƙotar katako, na fasa, na gaya mishi dalili kuma har yanzu bai amsa ba.