Shekara 7 da kamfanin da ke tsaftace filin masana'antar bayan gidanmu

Katangarmu ta baya ta haɗa da filin wata masana'antar ƙarfe da ta rufe tun ina yaro. Shekara 7 ke nan da wani kamfani ya karɓi kwangilar tsaftace wurin, na ga ya isa in tofa albarkacin bakina.

Abin da ya ɓata wurin TCE ne, sinadarin da ake wanke maiƙo daga jikin ƙarfe da shi. Ya fi ruwa nauyi, shi ya sa in ya zube sai ya nutse can ƙasa, ya maƙale a yumɓu da tsagar duwatsu, yana narkewa kaɗan-kaɗan cikin ruwan da rijiyoyi ke ja. A 2012 sashen binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ya sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman ta ƙoda.

A taron farko na tambayi injiniyarsu yaushe za a gama. Ba ta yi mini romon baka ba. Ta ce kwashe ƙasar sama aikin watanni ne, amma ruwan ƙasa zai iya cin shekaru gommai. Raina ya ɓaci ranar. Daga baya na karanta labarin Love Canal, wata unguwa a Amurka da sharar sinadarai masu guba ta gurɓata, inda aka fara kwashe mutane a 1978, ba a cire wurin daga jerin wuraren da suka fi gurɓata ba sai 2004. Ashe gaskiya ta faɗa.

Abin da ya sa na yarda da su shi ne mai ɗibar ruwan gwaji. Duk wata uku yana zuwa rijiyar da suka haƙa a gefen katangarmu. Sai ya cika 'yar kwalba har baki, ya rufe, ya kifa ta, ya ƙwanƙwasa da farce. Ko kumfa ɗaya ya gani zubarwa yake ya sake, domin sinadarin guduwa yake cikin iska, gwajin ya nuna ƙasa da abin da ke akwai. Babu mai tsaye a kansa, amma ban taɓa ganin ya yi ha'inci ba. Haka bututu da fankar da suka sa mana don zuƙe tururin sinadarin da ke tasowa ta ƙarƙashin daɓe, suna duba su a kan lokaci.

Inda suka gaza shi ne sanarwa. A shekara ta biyar sun kashe injinan da ke jan ruwa zuwa tankunan gawayi masu tace gubar, don su ga ko an ci ƙarfin abin. Gubar ta sake hawa, kamar yadda takan yi idan abin da ya maƙale a yumɓu ya fito. Mu da 'ya'yanmu ke kwana a wurin ba mu ji ba sai bayan wata huɗu, shi ma a cikin wani jibgegen rahoto mai cike da kalmomin da sai masana. Wannan ya yi mini ciwo, kuma na faɗa musu ido da ido. Sun ba da haƙuri, yanzu suna kawo takarda shafi ɗaya mai ɗauke da sakamakon kowace rijiya.

Duk unguwar da za ta samu irinsu, na ce ta karɓe su, amma tun ranar farko ta sa a rubuta cewa sakamakon gwaji zai iso hannun maƙwabta cikin mako biyu.