Hoton asibiti ko gashin cutar daji: wane digiri ya fi cancantar kuɗinka?

Duk yaron da ya tambaye ni, hoto nake ce masa. Ina nufin ilimin ɗaukar hoton cikin jiki: na ƙirji da na ƙashi, sikanin na masu juna biyu, da manyan na'urorin CT da MRI. Dalilina kuwa aiki ne. Babban asibitin kowace jiha yana da ɗakin hoto, ga kuma ɗakunan gwaji masu zaman kansu da ke kewaye da Asibitin Malam Aminu Kano kamar rumfunan kasuwa. Wanda ya iya sikanin, ko a ƙaramar hukuma ya zauna ba zai rasa na cefane ba, in ya yi haƙuri ya tara jari ma yana iya buɗe nasa wurin. Sannan fannin yana da rassa. Ka gaji da hoton ƙashi ka koma CT, daga nan ka ƙware a MRI, wanda shi da maganaɗisu yake aiki, babu tururin haske mai illa da ake tsoro a hoton ƙashi da CT.

Shi kuwa gashi, wato ƙona ƙwayoyin cutar daji da haske mai ƙarfi (kada a haɗa shi da gashin ƙashi, wannan sana'a ce daban), aiki ne mai lada, mara lafiya ɗaya za ka riƙa gani kwana biyar a mako har tsawon makonni. Amma ina injinan? A Arewa sai ka ambaci asibitocin koyarwa na Shika (Zariya) da Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, da 'yan ƙalilan da suka biyo baya. A Nijar ma sai a 2021 aka buɗe sashen farko a Yamai. Inji ya tsaya, kai ma ka tsaya.

Wani abin da yara ba sa lura da shi: a Najeriya digiri ɗaya ne na shekara 5, kamar yadda ake yi a Jami'ar Bayero da ta Usmanu Danfodiyo da ta Maiduguri, gashin yana cikinsa a matsayin darasi, ƙwarewa sai daga baya. A Ingila ne ake raba su tun ranar farko, kowanne shekara 3. Don haka mai shirin fita waje shi ne zaɓin ya fi matsa wa, kuma in ya ɗauki gashi ya dawo gida, ƙofofin da zai ƙwanƙwasa kaɗan ne.

To, ga inda ni na sha wuya. Ɗan yayata na biya wa kuɗin wata makaranta shekara biyu cur, ga farar riga, ga allo mai ƙyalli a bakin ƙofa. Da aka zo maganar rajista sai aka ce hukuma ba ta san da su ba. Kuɗin shanu biyu suka tafi haka nan. Hukumar RRBN, wato hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti ta Najeriya, wadda aka kafa a 1987, ita ke ba masu wannan sana'a lasisi, kuma amincewar hukumar jami'o'i ta ƙasa ba ta wadatar sai da tata. Ka nemi sunan makarantar a jerin hukumar da idonka, kada ka yarda da "muna kan hanya". Ka guji masu tallar kwas ɗin sikanin na wata uku a Facebook, da dillalan da ke cewa za su sama maka gurbi ba tare da JAMB ba. Masu kai yara Kwatano ma a yi hattara da su, tun da a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya sayo nasa cikin mako shida.

Kafin ka biya ko sisi, je ka tambayi ɗaliban aji huɗu a wane asibiti suke koyon aiki, kuma yaushe rabon da su taɓa na'urar CT da hannunsu.