Tube Screamer a gaban amfilifaya mai kwalabe: abin da na gani

Duk makaɗin jitar da Allah ya hore wa amfilifaya mai kwalabe, wato na'urar ƙara sauti mai aiki da bututun gilashi na lantarki, tambayar da ke biyo baya ita ce ko sai ya ƙara da fedar kausasa sauti, ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa. Ina kiɗa a wuraren biki a nan cikin Katsina, kuma na daɗe ina aiki da amfilifaya Fender Blues Junior, babu komai tsakaninsa da jita sai waya, kafin na sayi fedar Ibanez Tube Screamer TS9 na hannu wajen wani abokin sana'a mai zirga-zirgar Maraɗi. A ganina ba dole ba ce, amma ni dai ba zan rabu da ita ba.

A fara ba amfilifaya haƙƙinsa. Ƙarfinsa wat 15 ne, kwalabensa biyar: uku samfurin 12AX7 a sashen da ke karɓar sautin jita, biyu samfurin EL84 a sashen da ke tura shi zuwa lasifika mai inci 12. Idan ka buɗe masa murya har kwalaben suka kai maƙura, sai sautin ya fara karyewa da wani gurnani mai laushi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake bin hannu. Ka shafi tsirkiya a hankali, ya fito garau. Ka danna ta da ƙarfi, ya yi kuka. Babu fedar da ta taɓa ba ni wannan, kuma wanda ya ce maka akwatin da ke cin batir zai maye gurbinsa bai faɗa maka gaskiya ba.

To amma a ina za ka buɗe shi haka? Wat 15 a takarda kaɗan ne, a cikin zaure kuwa sai maƙwabta sun leƙo, balle bayan isha'i a unguwar da katanga ke jingine da katanga. Akwai dabarar ɗaga maɓallin Volume mai ingiza kwalaben gaba, a sauke na Master mai tsayar da ƙarfin muryar da ke fita, sai dai kaushin da ke fitowa ta nan siriri ne, domin kwalaben baya, wato EL84, ba su shiga aikin ba.

Ita fedar ɗan koren akwati ce mai maɓallai uku: Drive na kaushi, Tone na kaifin sauti da Level na ƙarfin murya. Ta fito a 1982, bayan yayarta TS808 ta 1979. Da yawa idan sun saya sai su murɗa Drive har ƙarshe, su ce ba ta da daɗi. Ni ga yadda nake yi: na saita amfilifaya daidai inda yake dab da karyewa, na sauke Drive kusan ƙasa, na ɗaga Level sama sosai. Da na taka, sai ta ingiza kwalaben su yi nasu aikin da kansu. Kaushin na amfilifaya ne, ita turawa kawai take yi.

Inda ta biya kuɗinta shi ne filin biki. Ga kalangu, ga ganga, ga mai fiyano ya cika wuri, ga janareta na ruri a bayan rumfa. A irin wannan hayaniya jita ɓacewa take yi, ko da ka ƙara murya. Tube Screamer tana rage sautin ƙasa ta fito da na tsakiya, wajen haz 720 a ma'aunin kaɗawar sauti, wanda kunne ke saurin kamawa. Lokacin da mawaƙi ya ja baya ya bar mini fili, hannuwana biyu suna kan jita, ƙafa ce kaɗai ke da sarari. Taku ɗaya, sai ka ga 'yan rawa sun waiwayo. Ga masu son salon jitar Agadas, mai gudun yatsu da jan sauti, tana sa kowace tsirkiya ta daɗe tana amo kafin ta mutu.

Tana da nata aibin. Idan kai kaɗai ne a ɗaki, sautinta kan fito kamar mai magana ta hanci, kuma za ka ji kewar kaurin da ta yanke. Batirinta mai bolt 9 ne, in ka bar waya a soke a mashigarta ka kwana, da safe ya yi sanyi. Adafta mai arha kuwa ƙugi take kawowa, musamman a wutar janareta, fedar kuma ta ƙara masa ƙarfi. Da hunturu ƙura na shiga maɓallan su riƙa ƙarar-ƙarar, don haka a jaka nake ajiye ta.

Ɗan'uwa, in kuɗinka na abu ɗaya ne, kada ka fara da feda. Duba bayan amfilifayarka tukuna: wanda aka yi don Amurka bolt 120 yake ci, tamu wutar kuwa 230 ce, sai da taransifoma mai rage wuta. Ka nemi sitabilaiza mai kyau, ka ajiye kwalaben EL84 biyu na ko-ta-kwana, domin samunsu a nan wuya ne. Bayan haka, in kana kiɗa cikin taro, sayi fedar. In TS9 ta yi maka tsada, Boss SD-1, ruwan ɗorawar nan da ta fito a 1981, tana yin kusan wannan aikin a kuɗi ƙasa da haka.