Wata bakwai ina sayen abincin da babu alkama a gurin wata baiwar Allah a Tarauni, ga abin da na gani

Matan islamiyyarmu sun dame ni da tambaya tun ranar da na kai musu cincin ɗin nan na walimar sauka, wai a ina na samo kuma da gaske ne babu fulawa a ciki, shi ya sa na ce bari kawai in zauna in rubuta komai yadda yake, da mai daɗin da marar daɗin, ko Allah zai sa wata uwar da ke cikin halin da na shiga ta amfana.

Yarinyata shekararta tara, kuma tana da ciwon da likitoci ke kira siliyak. Kafin a gano wallahi mun sha wuya, kusan shekara uku cikinta kullum a kumbure kamar ganga, ga gudawa mai wari da maiƙo, ga rashin jini, yarinya ba ta girma har ƙanwarta ta kamo ta a tsawo. An ba mu maganin taifot ya fi a ƙirga, an ce olsa, an ce tsutsar ciki, a gida kuma aka ce shawara ce aka yi ta jiƙo. Sai da Allah ya haɗa mu da wata likitar yara da ta zauna ta tambaye ni me yarinyar take ci tun daga safe har dare, na ce mata burodi da shayi, taliya da rana, da yamma gurasa ko fanke, sai ta ce Hajiya akwai gwajin da nake so a yi. Gwajin jini ne sunansa tTG-IgA, kuma ta haɗa da auna yawan IgA ɗin gaba ɗaya, wato wani sinadarin garkuwar jiki da ke cikin jini, don wai akwai masu ƙarancinsa a jiki, su gwajin zai iya nuna lafiya lau alhali ciwon na nan. Abin da ta fi ja min kunne a kai, kuma nake roƙon duk mai karantawa ta riƙe, shi ne kar a daina ba yaro alkama kafin a yi gwajin, in kin daina jinin zai iya fitowa fes a ce miki babu komai. Ta ce a Turai tun 2020 ƙa'idar likitocin yara ita ce in sakamakon ya ninka iyaka sau goma, sannan gwaji na biyu mai suna EMA shi ma ya nuna, to ba sai an zura kyamara ba. Namu bai kai ninki goma ba, dole aka yi mata endoskofi, wato aka zura kyamarar ta baki, aka ɗan gutsuro naman hanji aka duba. Likitar ta kwatanta min cewa cikin ƙaramin hanji akwai 'yan tsirai kamar gashin tawul, su ne suke tsotse amfanin abinci, to wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir mai suna gulutin shi ke sa garkuwar jiki ta juyo ta cinye su har gurin ya zama sumul, yaro yana ci amma jiki ba ya samu.

To a Kano a ce miki babu alkama har abada, kin san ba ƙaramin abu ba ne. Garin gurasa fa muke. Alkaki, funkaso, dubulan, fanke, cincin, samosa, shawarma, tuwon semo, indomi, har lemon malt ɗin da ake ba mara lafiya don ya samu ƙarfi da sha'ir ake yin sa. Wata biyun farko ni nake dafa mata komai, tuwon shinkafa, tuwon masara, doya, dankali, amma ciwon cikin bai tafi gaba ɗaya ba, na rasa dalili, sai wata nas ta ba ni lambar matar nan ta ce ɗan matar ma ciwon gare shi, a gida take yi tana sayarwa.

Ban yarda na yi oda ta WhatsApp haka kawai ba, na ce zan zo in gani da idona, ta ce bismillah. Abin da ya fara kama hankalina ina shiga tsakar gidan shi ne ɗan ƙaramin injin niƙa a rufe da leda a gefen rijiya. Ta ce Maman Hanifa a ina kike kai niƙa? Na ce injin bakin layinmu. Ta ce to ga ciwon cikin 'yarki nan. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, domin injin da ake zuba masarata shi ne wanda aka gama niƙa wa maƙociyata alkamar funkaso minti biyar kafin nan, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Sannan ta ɗauko wani murfin kwalba ta nuna min ƙwayar alkama guda huɗu a ciki, ta ce daga kwano ɗaya na geron da ta sayo a Dawanau ta tsince su da safiyar nan, buhu ɗaya ake juye wannan a juye wancan, mota ɗaya ke ɗaukowa. A faifai take bazawa ita da 'yan aikinta biyu su tsince tas kafin a wanke a shanya. Rariyarta daban, muciya daban, tandar waina daban, man suya ba ta taɓa soya wani abu mai fulawa a ciki ba, kai fulawa ma ba ta shiga gidan kwata-kwata, maigidanta in yana son burodi a shago yake ci ya wanke hannu ya dawo. Har dunƙulen miya sai ta karanta bayan kwalin tukunna, ta ce wasu ana sa musu garin alkama. Wannan tsantsenin shi nake biya wa kuɗi, gaskiya, fiye da ɗanɗanon abincin.

Abincin kuwa, wainarta da sinasir ba magana, amma su dama na shinkafa ne ko'ina za a iya yi, bambancin kawai ita ba ta ƙara fulawa don kullun ya yi auki kamar yadda wasu masu sayarwa suke yi yanzu. Ɗanwakenta shi ne ya sa ni hawaye. Hanifa tana bala'in son ɗanwake, kuma yawancin na yanzu duk fulawa ce zalla, ita kuwa da garin wake da na rogo da kuka da kanwa take yi irin na kakanninmu, yana da santsi yana da danƙo, ranar farko yarinyar ta cinye ta lashe kwano ta ce Umma gobe ma. Cincin ɗin garin shinkafa yana da garas-garas, yana kai sati biyu a cikin roba bai yi komai ba. Tana yin dambun acca da faten acca, daga Jos ake kawo mata accar, tana wanke ta har babu tsakuwa ko ɗaya. Kek ɗinta ma ya yi, ba wanda ya gane a gurin walima sai da na faɗa.

Burodin ne dai har yanzu da saura. Yana da nauyi, ranar farko in an ɗan gasa a kasko da bota ana ci, kwana biyu sai ya fara marmashewa a hannu, kuma kuɗinsa ya kusa ninka na shago sau uku saboda akwai wani garin da ke riƙe kwaɓin da sai daga waje ake kawowa. Gurasar ma haka, da zafinta tana da daɗi, amma in kika ce za ki yi bandashe ki yayyafa ruwa ki zuba ƙuli da mai sai ta dagargaje. Alkaki kuwa ta ce min kai tsaye ba ta iya ba, ta gwada da garin dawa ya ƙi, ba za ta karɓi kuɗina a kan abin da ba alkaki ba. Na ji daɗin wannan gaskiyar tata.

Inda nake da ƙorafi sosai shi ne lokaci. Sau uku ina yin oda a ce ƙarfe goma ɗan sahu zai kawo, sai bayan azahar, akwai ranar da yarinya ta tafi makaranta da dafaffen ƙwai da ayaba kawai don abin da na dogara da shi bai iso ba. Da azumi kuwa sai kin yi oda kwana uku kafin nan. Na biyu, ba ta rubuta komai a jikin roba, babu ranar da aka yi, babu abin da ke ciki, kuma cikin masu sayenta akwai yaron da gyaɗa ma ba ya ci. Na yi mata magana ta ce in sha Allah za ta buga sitika, har yau shiru. Na uku kuma ba laifinta ba ne amma dole in faɗa: ƙa'idar duniya ita ce abin da za a kira marar gulutin kada ya wuce miligiram 20 a cikin kilo ɗaya, ita kuwa ba ta da na'urar da za ta auna wannan, amana ce kawai da tsantseni. Ni abin da ya kwantar min da hankali shi ne da muka koma asibiti bayan wata shida aka sake gwajin jinin ya sauka sosai, jininta ya ƙaru, kayan makarantar da na ɗinka mata bara sun ɗage.

Akwai abin da ya ƙara mata daraja a idona. Wata mata ta kawo mata wasu kafso daga waje wai ta dinga haɗawa da abinci tana sayar mana, wai in yaro ya sha zai iya cin burodi lafiya lau. Ta ƙi, ta ce ba za ta ɗauki alhakin hanjin ɗan kowa ba. Da na koma na tambayi likitarmu ta ce ta yi daidai, har yanzu babu wani magani da aka amince da shi na siliyak, barin alkama shi ne maganin. Ta ce ana dai ta bincike. Akwai wata allura mai suna Nexvax2 da aka sa wa rai, aka dakatar da gwajinta a 2019 don ba ta yi aiki ba. Wani maganin kuma larazotide ya kai har matakin gwaji na uku aka tsayar a 2022. Wanda ya ɗan ba da fata shi ne ZED1227, a 2021 aka buga sakamakonsa, an ba manya masu siliyak ɗan gulutin kaɗan kullum na sati shida, waɗanda suka sha maganin hanjinsu bai lalace kamar na sauran ba, amma shi ma gwaji ne bai shigo kasuwa ba. Ina addu'a Allah ya sa Hanifa ta ga ranar da za ta je gidan biki ta ci abin da kowa ke ci ba tare da tsoro ba, don abin da ya fi ci min rai kenan, ganinta a gefe da 'yar robarta yara suna rabon alkaki.

Surukata da farko cewa ta yi wannan ciwon Turawa ne, mu ina muka san shi. Ni ma haka na zata. Amma ana ƙiyasin kusan mutum ɗaya cikin ɗari a duniya yana da shi, kuma ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a Afirka ne, cikin yaran Sahrawi na Yammacin Sahara, sama da biyar cikin ɗari, mutanen da fulawa ta zama abincinsu na kullum. Shi kansa gano cewa alkama ce sila, wani likitan yara ne ɗan Holan, Willem Dicke, ya lura lokacin yunwar yaƙin duniya na biyu da burodi ya yanke yaran da ke kwance a gurinsa suka samu sauƙi, da burodi ya dawo ciwo ya dawo. Mu nan da muka koma burodi da taliya da indomi safe da dare, kuma ba a cika gwadawa ba, Allah kaɗai ya san yara nawa ake ta ɗura wa maganin taifot a banza. Italiya a 2023 har doka suka yi ta gwada yara tun kafin ciwo ya nuna. Likitarmu ta sa an gwada ƙannen Hanifa da ni da babansu, don ta ce cikin 'yan uwa na jini kusan ɗaya cikin goma yakan fito da shi, alhamdulillahi namu duk lafiya. Yanzu surukar tawa da kanta in za mu je gidanta sai ta kira ta ce a taho wa da takwarata garinta, kar a taɓa na injin unguwa.

In za ki saya a gurin matar nan, shawarata ki fi ba da ƙarfi a kan gari, na masara da na dawa da na gero da na ɗanwake, shi ya fi sauƙin kuɗi kuma shi ne abin da ba za ki iya samu a wani guri da kwanciyar hankali ba, ki dinga tuƙa tuwonki da kunu a gida da tukunya da muciyar da kika ware. Burodi da kek a bar su sai ranar sha'awa. Ni yanzu duk farkon wata kwano biyar nake karɓa, cincin roba ɗaya saboda makaranta, kuma na ce mata wannan karon in babu sitika a jikin robar zan zauna a tsakar gidan nan in rubuta da hannuna kafin in tafi, ta yi dariya ta ce to Maman Hanifa ki taho da biro.