Sharhi a kan TestDisk bayan ya dawo mini da ajiyar hotuna ta shekara shida

Ni mai ɗaukar hoto ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma galibin aikina na bukukuwan aure da suna da saukar karatu ne. Duk abin da na ɗauka tun 2018 yana cikin rumbun ajiya na waje guda ɗaya mai girman tarabait 1, irin wanda ake jona wa kwamfuta da wayar USB, domin mutane sukan dawo bayan shekaru su nemi a sake wanke musu hoton wani da ya rasu. A watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ya kai maƙura, ina cikin kwashe hotunan wani biki zuwa rumbun sai aka ɗauke wuta, kwamfutar tebur ɗin ta mutu nan take. Da wuta ta dawo na sake jona shi, Windows ta ƙi buɗe shi, ta kuma fito da saƙon cewa dole in yi masa fomat kafin in iya amfani da shi. A wurin da aka saba ganin NTFS, tsarin da Windows ke shimfiɗa fayiloli da shi, sai aka rubuta RAW, wato Windows ba ta ma gane irin shimfiɗar da ke kan sashen rumbun da fayilolin ke ciki ba.

Na kira ɗan yayata da ke karatu a jami'ar Ngaundere, wanda ya zo hutu gida, kuma maganar farko da ya yi ita ce: "Kawu, don Allah kada ka danna fomat, kada kuma ka sake jona shi sai na zo." Da ya iso ya kara kunnensa a jikin rumbun, ya ji yana juyawa lafiya ba tare da ƙarar ƙwas-ƙwas ba, sannan ya duba rahoton lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo, ita ma ba ta nuna wata matsala ba. Ya gwada shi a kwamfutarsa mai Ubuntu, wani nau'in Linux, ta ga sashen amma ta kasa buɗe shi. Daga nan ne ya ce mu yi amfani da TestDisk.

TestDisk manhaja ce ta kyauta ta gyara rumbu da dawo da bayanan da suka ɓata, wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ne ya rubuta ta, ana kuma samun ta a shafin CGSecurity haɗe da 'yar'uwarta PhotoRec. Tana aiki a Windows da Linux da Mac. Amma kafin mu taɓa ta sai da muka yi wani abin da nake ganin shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, wato muka aro rumbu mai tarabait 2 muka kwafe namu kaf zuwa fayil guda da manhajar ddrescue, domin duk gwajin da za a yi ya kasance a kan kwafin. Tashar USB ta kwamfutarsa tsohuwa ce, saboda haka aikin ya ci kusan awa goma, muna ta fifita rumbunan da fanka saboda zafi. Sau ɗaya batirin ya ƙare a tsakiya, sai dai ddrescue tana rubuta inda ta tsaya a wani ƙaramin fayil, don haka da aka kunna ta ci gaba daga nan ba tare da an koma farko ba. Ga mu da ke zaune inda wuta ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramar rahama ba ce.

Wanda ya buɗe TestDisk karon farko zai iya karaya, domin baƙin allo ne da farin rubutu, babu linzami, sai maɓallan kibiya da Enter. Rubutun kuma da Ingilishi yake, duk da cewa mai ita Bafaranshe ne, abin da ya ɗan wahalar da ni tunda karatuna da Faransanci na yi. Abin da ya taimaka shi ne akwai bayani mataki-mataki da Faransanci a shafinsu, wanda na buɗe a waya ina bi. Manhajar da kanta ta gane cewa teburin sassan rumbun, wato jerin da ke nuna yadda aka rarraba shi, na nau'in Intel ne, muka amince mata. Da muka zaɓi Analyse sai ta nuna cewa sashen yana nan a inda ya kamata, da girmansa daidai, matsalar tana wani wuri dabam.

A ƙarƙashin Advanced, cikin zaɓin Boot, ne aka ga ainihin ciwon, kuma nan ne na fahimci abin da ya same ni. Kowane sashe na NTFS yana farawa da wani ɗan yanki mai bait 512 wanda ke gaya wa kwamfuta yadda aka shimfiɗa sashen da kuma inda babban kundin sunayen fayiloli, wato MFT, yake. Idan wannan ɗan yanki ya lalace, hotunan suna nan daram, amma kwamfuta ba ta san ta inda za ta fara nemansu ba, kamar gidan da kayansa ke ciki amma aka toshe zauren. NTFS tana ajiye kwafin wannan yanki a can ƙarshen sashen. TestDisk ta kwatanta biyun, ta rubuta Bad a gaban na farkon, ta rubuta OK a gaban na ajiyar. Muka zaɓi List, sai ga jerin manyan fayilolina, wato foldodina, sun fito da sunayensu da ranakunsu, shekara bayan shekara, kamar yadda na tsara su. Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba.

Abin da ya fi burge ni da manhajar shi ne ba ta rubuta komai a rumbu sai ka umarce ta, kuma ko ka umarta sai ta sake tambayar ka. Tana barin ka ka ga fayilolinka ka kwashe su zuwa wani wuri tun kafin a yi gyara. Haka muka yi: harafin a ya zaɓi duka, babban C ya fara kwafewa. Sai da kayan suka kammala zuwa wani rumbun muka zaɓi Backup BS, wanda ke ɗora kwafin ajiyar a kan yankin da ya lalace, da farko a kan fayil ɗin gwaji, bayan mun ga ya yi sannan a kan rumbun kansa. Gyaran bai kai daƙiƙa biyar ba. Da muka cire muka sake jonawa, Windows ta buɗe shi, muka bi shi da chkdsk, manhajar Windows ta duba rumbu, ta gyara 'yan kurakuran da suka rage.

Duk da haka ba zan ce kowa ya shiga cikinta ido rufe ba. Manhajar ba ta ja wa mutum kunne da dogon bayani, kuma a ɓangaren binciken sassa akwai zaɓin Write, wanda ke sake rubuta teburin sassan gaba ɗaya. Wanda ya danna shi bayan ya zaɓi sashen da ba daidai ba zai iya ɓatar da wanda yake lafiya. Ba ta kuma da maganin rumbun da ya faɗi ƙasa ko yake ƙara, domin wannan lalacewar ƙarfe ce, kuma ci gaba da kunna shi ƙara masa rauni yake yi. Ga wanda rumbunsa ke juyawa lafiya amma ya koma RAW, ina ba da shawarar ta da zuciya ɗaya, da sharaɗin ya samo rumbu na biyu tukuna.

Babban fayil ɗin bikin da nake kwashewa lokacin da wutar ta tafi shi ne kaɗai bai fito cikakke ba, kuma na riga na goge wani ɓangare na katin kyamarar. A nan muka koma ga PhotoRec, wadda ba ta duba kundin sunaye ko kaɗan, tana bin wurin ajiyar ne tana gane fayil ta alamar da ke farkonsa. Mun gudanar da ita a kan katin, ta fito da hotuna masu yawa, har da na bukukuwan bara, dukansu da sunaye na lambobi masu farawa da f a cikin wasu manyan fayiloli masu suna recup_dir, babu tsari babu ranar biki a sunan. Na kwana biyu ina tantance su ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe hotuna bakwai na wurin ɗaurin aure ba su dawo ba, biyu daga ciki sun buɗe rabi, ƙasansu toka-toka. Na je har gida na shaida wa mahaifin amarya, na ce: "Alhaji, a yi mini afuwa, bakwai sun salwanta a hannuna." Ya karɓi sauran, ya tambaya ko akwai wanda yayansa ya fito a ciki, na nuna masa guda uku.