Kundin hotuna: na takarda ko na waya, da wanne za ki fara?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce hotunan auren ƙanwarki da na sunan 'yarki sun cika miki waya, ga katunan gayyata da ƙyallayen anko a jaka, kina so ki haɗa su kundi guda mai ado da rubutu, amma kin rasa ko ki nemi kwali da gam ki yi da hannu, ko ki tsara shi a waya da manhajar zane ta Canva. Ni dai na takarda zan ce ki fara da shi, sai dai bari in jera miki su ki duba da kanki.

In ana maganar kuɗi da sauƙi, waya ce a gaba. Canva na da shafukan da aka riga aka tsara, da yawansu kyauta, data kawai za ki saya. Kika ajiye hoto a karkace ki gyara, launi bai yi miki ba ki canja. In kin gama kuma ki tura wa 'yan'uwa na Gombe da na Kano a lokaci guda. Na takarda ɗaya ne tak, kuma abin da almakashi ya yanke ya yanku. Amma kayansa ba su kai yadda ake tsoro ba: littafin zane mai kaurin shafi, almakashi, rula, gam, biro mai kyau, sai kuɗin wankin hoto. Masu sayar da littattafai da kayan makaranta a kasuwar Wunti ta nan Bauchi za su haɗa miki yawancinsu. Kada bidiyon Turawa ya ruɗe ki da babban kundin nan mai inci 12 kowane gefe da suka fi so a Amurka. Cika shi aiki ne. Shafin A4 ya ishi mai farawa, yana ɗaukar hoto biyu masu inci 4 da 6, har ya bar wurin rubutu a ƙasa.

To me ya sa na zaɓi takarda? Saboda kayan da ke cikin jakarki. Waya hoton ƙyallen anko za ta iya ajiyewa, ba ƙyallen ba. A kundin takarda ki yanki ɗan leshin da aka yi anko da shi ki liƙa gefen hoton amarya, ki sa katin gayyatar kamar yadda aka buga shi, da ɗan abin hannun da aka ɗaura wa jaririya a asibiti, da tikitin shiga Yankari ranar da kuka kai yara ruwan Wikki. Ki miƙa wa Inna biro ta rubuta wa jikarta addu'a da hannunta, ko da ajami ne. Wannan rubutun ba manhajar da za ta ba ki shi. Sannan tsofaffinmu ba sa jin daɗin latse-latsen waya, amma ki ɗora musu kundi a cinya ki ji labaran da za su fito: wance 'yar wane ce, wannan gidan ai a Nasarawa yake kafin a tashi. Ki rubuta su nan take, domin hoton da ba suna ba shekara, nan da ƙarni guda baƙi ne a cikinsa.

Wajen daɗewa kuwa kowanne da ciwonsa. Waya ana sace ta, tana faɗawa ruwa, memori yana mutuwa ba sallama. Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, amma imel da fayiloli da hotuna duk a ciki suke rabo, bidiyon biki kaɗan ne zai cinye shi. Takarda kuma maƙiyanta a garinmu sanannu ne: danshin watan Agusta da ke sa hoto ya manne da leda har fuska ta ɓare, ƙurar hunturu, gara da kyankyasai.

A nan ne masu farawa suka fi yin asara, don haka zan ɗan tsaya. Gam mai ruwa yana sa shafi ya yi kumburi ya yamutse. Ki nemi na sanda irin UHU, ki shafa kaɗan. Salatif yana yin ja, ya bar tabon da ba ya fita. Sufa gulu kada ma ya kusanci hoto. Kokon rogo ko na fulawa da muka saba liƙa takarda da shi gayyatar ƙwari ne. Dabarar da na fi so ba ta buƙatar gam ya taɓa hoton ma: ki yanki kusurwoyi huɗu na ambulan, ki liƙa su a shafi, ki soke kusurwoyin hoton a ciki. Duk ranar da kika so sai ki zare shi lafiya. In kin samu takarda ko kwalin da aka rubuta "acid-free" a jikinsa, shi ya fi, don asid ɗin da ke cikin takarda mai arha ne ke sa ta yin rawaya ta gaggautse. Takardar jarida ta fi kowacce wannan hali, har ta shafa wa abin da ke jingine da ita, saboda haka ki yi hotokofi ki liƙa kofin. Rasit irin na POS rubutunsa gogewa yake yi da kansa, in kuma aka yi masa laminatin zafin injin ya mai da shi baƙi ƙirin.

Abu ɗaya da nake roƙon ki: tsohon hoton kaka ko na Baba da babu kofinsa a ko'ina, kada ki yanka shi, kada ki sa masa gam, kada a yi masa laminatin. A ɗauki hotonsa a wanke sabo, shi za ki yi wa ado, na asalin ya koma ambulan. Haka kuma katin da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani, gara a adana shi daban, tunda kundi hannun yara zai riƙa yawo.

Kin ga ke nan wayar ma ba a yar da ita ba, ita ce rumbun da za ki ɗebo hotuna. Sai dai ki kula, WhatsApp yana matse hoto ya rage masa ƙarfi, shi ya sa wanda ya yi kyau a fuskar waya yake fitowa dishi-dishi a wurin mai wanki. Hoto mai inci 4 da 6 yana son kusan fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 1200 da 1800 kafin ya fito tas. Ki ce wa mai hoton bikin ya turo miki a matsayin fayil, ko ki je da filashi ki karɓa.

Kada ki haɗa auren da sunan a tashin farko. Ki ɗauki sunan 'yarki kaɗai, ki zaɓi hotuna kamar 15, ki jera su a shafi ba gam har sai tsarin ya kwanta miki, sannan ki liƙa, ki rubuta rana da unguwa da sunayen mutane. In kin gama ki ɗauki hoton kowane shafi ki tura wa dangi, kundin kuma ki tsayar da shi a saman kanta, nesa da bangon da ke tsotsar ruwa da damina, ba ƙarƙashin katifa ba.