TheyWorkForYou da GovTrack: wanne ya fi nuna yadda jam'iyya ke riƙe 'ya'yanta?

Duk wanda yake son bin diddigin yadda 'yan majalisar Birtaniya da na Amurka ke kaɗa ƙuri'a, ba tare da ya tsaya ga abin da jaridu suka tsamo suka ba shi ba, akwai shafukan intanet biyu da suka cancanci ya san da su. Na farko shi ne TheyWorkForYou, wanda wasu 'yan sa-kai suka buɗe a 2004 kafin ƙungiyar mySociety ta karɓi ragamarsa, na biyu kuwa GovTrack ne, wanda Joshua Tauberer ya ƙirƙira a Amurka a wannan shekarar dai. Dukansu kyauta ne, babu na gwamnati a cikinsu, kuma aikinsu shi ne kwaso bayanan da majalisun ke wallafawa a warwatse, su tsara su yadda mutum zai iya karantawa. Tambaya ɗaya na auna su da ita: idan mai karatu yana son ya gane irin ƙarfin da jam'iyya ke da shi a kan wakilanta a waɗannan ƙasashe biyu, wane shafi ne zai kai shi kusa da gaskiya?

Ta fuskar sauƙin amfani, TheyWorkForYou ne a gaba. Da zarar ka rubuta sunan ɗaya daga cikin wakilai 650 na majalisar wakilan Birtaniya, shafinsa zai fito da hotonsa, da mazaɓarsa, da jawabansa na baya-bayan nan kamar yadda aka rubuta su a kundin muhawarar majalisa da ake kira Hansard, da kuma jerin kyaututtuka da hanyoyin samun kuɗin da doka ta wajabta masa ya bayyana. Abin da ya fi jan mutane shi ne taƙaitaccen bayanin ƙuri'unsa, inda aka tattara su batu-batu, a ce wane ya saba goyon bayan ƙarin haraji kaza, ko kuma ya saba adawa da tsaurara dokokin shige da fice, sannan a kwatanta shi da sauran 'yan jam'iyyarsa. Ana kuma iya yin rajista da imel domin a riƙa sanar da mutum duk lokacin da aka ambaci wata kalma a zauren majalisa, wanda ba ƙaramin taimako ba ne ga ɗan jarida ko ɗalibin da ke bibiyar abin da ake faɗa a Landan game da wata ƙasa.

GovTrack bai kai shi ƙayatarwa ba, kuma wanda ya shiga karon farko zai ga alƙaluma sun yi masa yawa. Sai dai rumbunsa ya fi zurfi, domin yana ɗauke da ƙuri'un da aka rubuta da sunaye tun daga 1789, yana bin kowane ƙudiri daga gabatarwa har zuwa sa hannun shugaban ƙasa, yana kuma nuna yawan zaman ƙuri'ar da kowane ɗaya daga cikin wakilai 435 da sanatoci 100 ya rasa.

Ranar 1 ga Yulin 2025 ta dace da gwaji, domin a wannan rana ɗaya majalisun biyu suka kaɗa ƙuri'ar da ta jarraba biyayyar 'yan jam'iyya mai mulki. A Landan, ƙudirin gwamnatin Keir Starmer na rage kuɗin tallafin naƙasassu da marasa lafiya ya tsallake karatu na biyu da ƙuri'a 335 da 260, inda 'yan Labour 49 suka juya wa gwamnatinsu baya. A Washington kuwa, majalisar dattawa ta amince da babban ƙudirin haraji da kasafi na Donald Trump da ƙuri'a 51 da 50, bayan mataimakin shugaban ƙasa JD Vance ya raba gardama, saboda sanatocin Republican uku, wato Rand Paul da Susan Collins da Thom Tillis, sun ƙi. Wanda ya tsaya ga waɗannan alƙaluma zai ce Labour ta ɗan samu ɓaraka amma ta wuce lami lafiya, Republican kuma ta sha da ƙyar. Rabin maganar ne kawai gaskiya.

Abin da ya faru a Landan ya fi abin da shafin ƙuri'ar ya nuna girma nesa ba kusa ba. Kwanaki kaɗan kafin ranar, 'yan Labour sama da 120 sun sa hannu a kan wani gyara da zai kashe ƙudirin baki ɗaya, adadin da ya isa ya kayar da gwamnati duk da gagarumin rinjayen da ta samu a zaɓen 2024. Gwamnati ta ja da baya sau ɗaya, abin bai wadatar ba, har ta kai ana tsakiyar muhawara minista Stephen Timms ya miƙe ya sanar da cewa za a cire sashen da ya fi jawo ce-ce-ku-ce, wato tsaurara sharuɗɗan samun tallafin naƙasassu. Saboda haka da yawa daga cikin sunayen da TheyWorkForYou ya jera a ɓangaren masu goyon baya, sunayen mutanen da suka riga suka karya lagon ƙudirin ne kafin a buga ƙararrawar ƙuri'a. Jawabin ministan yana nan a shafin ga wanda zai zauna ya karanta muhawarar daga farko zuwa ƙarshe, amma mutum nawa ne ke yin haka? Yawancin masu shiga taƙaitaccen bayani suke dubawa su fita.

Ba laifin masu shafin ba ne, domin a tsarin firaminista ainihin rikicin jam'iyya a bayan fage ake yin sa. Kowane mako masu tsawatarwa na jam'iyya suna aika wa wakilansu takarda mai ɗauke da jadawalin aiki, an ja layi ɗaya ko biyu ko uku a ƙarƙashin kowane batu gwargwadon muhimmancinsa, kuma wanda ya saɓa wa mai layi uku ya san ya tsokano tsuliyar dodo. Wannan takarda ba a wallafa ta, don haka shafin ba shi da wata hanya ta hukuma da zai gaya maka ko ƙuri'ar da kake dubawa ta ra'ayin kai ce ko ta umarni. Ga kuma ministoci da mataimakansu, waɗanda yawansu ya haura 100 a zauren, da al'ada ta ɗora musu bin gwamnati ko su ajiye muƙami. Sama da duka, rayuwar gwamnati a hannun majalisa take, kamar yadda firaminista James Callaghan ya gani a Maris ɗin 1979 lokacin da ƙuri'ar yanke ƙauna ta kayar da shi da 311 da 310. Wakilin da ya san bijirewarsa na iya jawo sabon zaɓen da kujerarsa za ta salwanta a ciki, zai yi ta gunaguni a ɗakin taron jam'iyya, amma idan aka zo ƙofar ƙirga, inda wakilai ke bi a ƙirga ƙuri'unsu, sai ya bi sahu.

Hukuncin ma a bayyane yake kuma ba ya jira. A Satumban 2019 Boris Johnson ya kori 'yan Conservative 21 daga ayarin jam'iyyar a majalisa, cikinsu har da tsofaffin ministocin kuɗi Kenneth Clarke da Philip Hammond, saboda sun haɗa kai da 'yan adawa domin hana ficewa daga Tarayyar Turai ba tare da yarjejeniya ba. A Yulin 2024, ko wata guda bai cika a mulki ba, Starmer ya dakatar da wakilai bakwai, ciki har da John McDonnell da Zarah Sultana, don sun goyi bayan gyaran jam'iyyar SNP ta Scotland na soke ƙayyade tallafin yara ga 'ya'ya biyu kawai. A nan TheyWorkForYou yana da amfani, domin da an dakatar da mutum za ka ga an mayar da shi mai zaman kansa a shafinsa. Akwai dai wani giɓi da ya kamata a kiyaye: majalisar wakilan Birtaniya ba ta da gurbin rubuta cewa mutum ya ƙaurace wa ƙuri'a da gangan, shi ya sa wanda ke kwance a asibiti, da wanda ke tafiyar aiki, da wanda ya zauna a ofishinsa don nuna fushi duk kamarsu ɗaya a rubuce. Alhali ƙauracewa ita ce hanyar bijirewa mafi araha a wannan majalisa.

A Amurka rubutacciyar ƙuri'a ta fi faɗin gaskiya, kuma wannan ne ya sa GovTrack ya fi gamsar da ni a kan wannan tambaya. Shugaban ƙasa ba ya faɗuwa don ƙudirinsa ya sha kaye, shugabannin jam'iyya a majalisa kuma ba su da ikon hana kowa tikiti, tunda jihohi ne ke shirya zaɓen fidda gwani, masu zaɓe kuma su ne ke yanke hukunci. Saboda haka mai bijirewa yakan yi abinsa a bainar jama'a, kamar yadda sanatan Republican John McCain ya yi a Yulin 2017 lokacin da ya nuna babban yatsansa ƙasa, yunƙurin soke wani ɓangare na dokar lafiya ta Obama ya mutu da 49 da 51. Buɗe shafin ƙuri'ar 3 ga Oktoban 2023, wadda ta tsige kakakin majalisar wakilai Kevin McCarthy, ka ga yadda abin yake: a sama akwai jimilla, 216 da 210, ƙarƙashinta an raba ta jam'iyya-jam'iyya, sannan ga dogon jerin sunaye jiha-jiha, inda cikin 'yan Democrat 208 da suka ce a tsige shi za ka tsinci 'yan Republican takwas, su Matt Gaetz da Nancy Mace da Ken Buck. Mutum takwas sun kifar da shugaban da jam'iyyarsu ta sha zagaye 15 na ƙuri'a kafin ta ɗora shi a Janairun shekarar, kuma babu wanda aka kora daga jam'iyya. Da a Landan ne, kafin gari ya waye an raba su da tutar jam'iyya.

Sai dai kada wannan ya sa a ɗauka cewa wakilin Amurka yana cin gashin kansa ne. Haɗin kan jam'iyyun can ya yi tsauri ƙwarai a 'yan shekarun nan, har manyan dokoki kan wuce ba tare da ƙuri'a ko ɗaya daga ɗaya ɓangaren ba, kamar dokar lafiyar ta 2010. Bambancin shi ne bulalar ba a hannun masu tsawatarwa take ba, tana hannun masu kaɗa ƙuri'a a zaɓen fidda gwani da kuma wanda suke saurara. Daga cikin 'yan Republican goma da suka goyi bayan tsige Trump a Janairun 2021, biyu ne kawai suka dawo majalisa bayan zaɓen 2022, Liz Cheney kuma a zaɓen fidda gwani na Wyoming ta sha kaye. Shi kansa Tillis, kwana biyu kafin ƙuri'ar 1 ga Yuli ya sanar da cewa ba zai sake neman kujerarsa ba, bayan Trump ya yi barazanar mara wa wani baya a kansa. GovTrack zai nuna maka cewa Tillis ya ƙi, amma ba a cikin jadawalin za ka ga abin da ƙin ya ci masa ba.

Raunin da na fi gani a GovTrack shi ne taswirarsa da ke jera 'yan majalisa daga masu sassaucin ra'ayi zuwa masu ra'ayin riƙau. Ba da ƙuri'u ake lissafa ta ba, da wanda ya sa hannu a ƙudirin wa ake lissafa ta, kuma mutane da yawa ba sa karanta wannan bayani kafin su yaɗa hoton. Da irin wannan lissafi ne aka ayyana Kamala Harris a matsayin sanatar da ta fi kowa sassaucin ra'ayi a 2019, abin da abokan hamayyarta suka yi ta yayatawa a yaƙin neman zaɓe, har a 2024 masu shafin suka janye rahotannin shekara guda-guda da hujjar cewa bayanan shekara ɗaya ba su isa a yanke hukunci ba. Sun kyauta da suka janye, amma sun riga sun zauna a bakin 'yan siyasa.

Mai karatu daga Najeriya zai ga fuskokin da ya sani a ɓangarorin biyu, tunda ƙasar ta yi tsarin firaminista daga 1960 zuwa 1966 kafin ta rungumi tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka a 1979. Zai kuma lura cewa shafukan nan biyu ba za su yiwu ba in da majalisun da suke bibiya sun dogara ga ƙuri'ar murya a manyan batutuwa, wadda ba ta barin sunan kowa a takarda.

Dukansu da Turanci suke, kuma sun ɗauka cewa mai shiga ya riga ya san matakan da ƙudiri ke bi, ko da yake GovTrack yakan ɗan yi bayanin abin da kowace ƙuri'a ta shafa. Ga wanda yake son ƙirga masu bijirewa da sanin sunayensu, GovTrack ya ishe shi. Ga wanda yake son fahimtar Birtaniya, TheyWorkForYou yana da daraja, da sharaɗin ya bar taƙaitaccen bayanin ya shiga cikin muhawarar kanta, ya duba su wa suka yi magana da zafi sannan suka bi gwamnati, su wa ba a ga sunansu ba ko a wane ɓangare, da kuma abin da minista ya janye kafin a rufe ƙofofin ƙirga.